Taguwa a Garejin Surukai

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu bibiyata. Ku gyara zama, don abin da ya same ni ranar Asabar ɗin nan, har yanzu in na tuna sai in danna fuskata cikin filo, Inna tana leƙowa tana tambayar ko lafiyata ƙalau.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Sakinatu, ƴar Alhaji Dodo mai hatsi a Tanut. Ni ce direbar gidanmu. Ba wasa nake ba, permi ɗina, wato lasin tuƙi, yana cikin jaka. Tun da idon Baba ya fara yin hazo, yayyena maza kuma ɗaya yana Yamai ɗaya yana Agadas, makullin motar gida ya dawo hannuna. Motar kuwa ba ƙarama ba ce. Katkat ce, irin babbar motar shiga jeji, fara mai kujeru layi uku, da ƙarfen ɗora kaya a samanta, da baƙin gilas. Baba ne ya sa mata suna Taguwa, wai don tsayinta da yadda take taka rairayi kamar raƙumar Abzinawa.

Sai kuma mutumin. Abdulgafar sunansa, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, a wayata kuma Likitan Raƙuma na rubuta masa. A hanyar Belbeji muka haɗu, na tarar da shi yana tura babur ɗinsa da ya mutu, gumi har cikin takalmi, Baba ya ce in tsaya mu ɗauke shi. Don haka shi ya san ina tuƙi tun kafin ya san sunana. Danginsa ne ba su sani ba. An riga an sa mana rana bayan babbar Sallah, amma kullum na ce ya faɗa musu sai ya ce, "Bari dai a ɗaura tukun, Sakina." Tsoronsa ɗaya ne, Baffansa Alhaji Idris, wan mahaifinsa, wanda shi ne waliyyinsa. An ce mutumin ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa muddin yana numfashi babu matar gidansu da za ta riƙe sitiyari.

To, ranar Asabar aka tsayar za a je Damagaram ganin ɗaki, a auna bango da taga saboda gado da labule. Gwaggo Raishatu, ƙanwar Baba, da Yaya Hafsat, babbar yayarmu, su ne za su je. Kun san amarya ba ta zuwa wannan. An yi magana da wani direba, Bashir, zai kai su. Gari na wayewa sai ga saƙo, matar Bashir ta haihu, ba zai samu zuwa ba.

Ina zaune a tsakar gida da zanen wanka ina shan koko, sai na ji shiru. Na ɗaga kai, duk ni suke kallo.

"A'a," na ce. "Wallahi a'a."

"Ba wanda ya ce ki shiga gidan," in ji Inna. "Ki ajiye su a bakin layi, nesa, ki zauna cikin mota. Gilas baƙi ne. Wa zai gan ki?"

"Inna, ni in kai mutane ganin ɗakina?"

"Ke kika ce sai kin koyi mota, ai ga ranarta. Amma ki ji ni da kyau, Sakinatu. In kika bari mutanen nan suka gan ki a sitiyari, aure ya samu tangarɗa, ni da ke ne. Bayan biki ma ki ajiye makullin nan ki zauna kamar kowace mace."

Baba yana kan tabarmarsa da rediyo a kunne, ya yi kamar bai ji ba. Amma na ga gemunsa yana motsi.

Na shiga na saka atamfata mai ruwan ƙasa da ganyen zinari, na ɗaura kallabi, na yafa babban mayafi baƙi wanda in na ja shi zai rufe ni har hanci. Gwaggo ta fito cikin lafaya shuɗiya, ƙamshin humra na binta tun daga zaure. Yaya Hafsat ta riƙo igiyar awo da kwandon cuku da dabino na gaisuwa. Kafin in tada mota na rubuta wa Abdulgafar:

"Ni zan kawo su Gwaggo gidanku."

Yana can Tenhya suna rigakafin shanu, waya ba ta cika kamawa ba. Sai da muka wuce Sabon Kafi amsa ta shigo, Yaya ta karanta min da ƙarfi don mugunta:

"Ke?! Sakina don Allah ki tsaya nesa. Wajen masallacin bakin titi akwai inuwa. Na roƙe ki."

"Ji matsoraci," in ji Gwaggo. "Shi da yake kama raƙumi ya yi masa allura."

Bari in gaya muku gaskiya, tuƙi a hanya bai taɓa damuna ba. Inda ake gane direba shi ne wajen ajiye mota a birni. A Tanut ko'ina fili ne, ka tsaya inda ranka ya so, ka buɗe ƙofa huɗu ka bar su. Damagaram kuwa kowane gareji kamar don babur aka gina shi. Lokacin da nake kawo Baba wajen likitan ido, na sha wuya da garejin haya na wajen Kasuwar Dole. Mai gadi ya tsaya a bayanki yana "Zo, zo, zo!" sai kin ji ƙaras sannan ya ce "Tsaya!" Akwai wanda ƙarfen saman Taguwa ya hana mu shiga, sai da aka rage iskar taya. Akwai wanda na shiga lafiya, fita ta gagara sai da aka ɗaga wata ƙaramar mota da hannu. Daga nan na koyi naɗe madubai, na koyi jin faɗinta a jikina kamar yadda mace take sanin faɗin zanenta.

Muka iso unguwarsu rana ta fara zafi. Wajen masallacin da ya ce, an kafa rumfar suna, kujeru har tsakiyar hanya. Na matsa gaba, babu wuri. Na ƙara matsawa, sai ga ni cikin layinsu, siriri, gida na kallon gida.

"Ga shi can, mai koren ƙyaure," in ji Yaya Hafsat. "Sauke mu ki koma da baya."

Suka sauka. Na duba madubi zan koma, sai na ga motar yashi ta shigo layin ta tsaya a bayana, ta cika shi bango zuwa bango. Direbanta ya danna oda. A gabana kuma ga kurar masu ruwa da amalanken jaki, su ma suna jiran in kauce. Mai jaki ya ɗaga hannu biyu sama. Mutanen wajen suna suka fara tasowa kallo.

Jama'a, na yi salati a zuciyata ya fi a ƙirga.

Sai ƙofar gidan ta buɗe, wata dattijuwa siririya, ƴar ƙarama, da farin mayafi da carbi a wuya, ta fito tarbar baƙi. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma hancin nan na san shi. Hajiya Kadi ce, mahaifiyarsa. Ta dubi layin, ta dubi Taguwa, ta je da kanta ta zare sakatar koren ƙyauren ta wangale shi.

"Ku ce wa direbanku ya shigo da ita gareji," ta ce da Gwaggo. "Kar a tare wa bayin Allah hanya."

Gwaggo ta juyo ta kalli gilas ɗin da nake bayansa. Ba ta ganina, amma na ga idonta yana cewa mun shiga uku.

Na leƙa garejin. Abdulgafar ya taɓa ce min ya gina shi ne don ƴar ƙaramar motar da yake burin saye. Bai ce min an jera buhunan hatsi da na gyaɗa a gefen dama tun daga ƙofa har ƙurya ba. Abin da ya rage tsakanin buhuna da bango, in an ce Taguwa za ta shiga, mai hankali zai yi musu. Ga shi babu filin da zan yi kwana sosai, layin ya matse.

Mai yashi ya sake danna oda. Na ja mayafi har hanci, na ce bismillah.

Na naɗe madubai biyu. Na matsa gaba har na kusa sumbatar jakin, na karya sitiyari duka, na ɗan dawo, na sake karyawa. Hancinta ya shiga. Wani mai shayi ya taso yana buga mata gefe yana "Dama, malam, dama!" Ban kula shi ba, don da na bi tasa da na kwashe ƙyauren. Na saurari ƙarfen sama yana wucewa ƙarƙashin ginin saman ƙofa, na riƙe numfashi kamar hakan zai rage mata tsayi. Bai taɓa ba. Buhu ɗaya ya goge ta a hankali, shuuu, kamar mai lallashi. Na ci gaba kaɗan kaɗan har bangon gaba ya cika min ido, na taka burki, na kashe.

A waje na ji tafi. Wani ya ce, "Kai, wannan direba namiji ne!"

Na yi dariya cikin mayafi. Sai da na zo buɗe ƙofa don iska ta shigo na gane halin da nake ciki. Ta buɗu kamar faɗin tafin hannu, ta daki bango. Ɗaya gefen buhuna ne. Hanyar fita ɗaya ce, ƙofar baya, ita kuma titi take kallo inda ƴan kallo ba su gama watsewa ba. A gabana ta hagu akwai wata ƴar ƙofa mai shiga tsakar gidan surukaina. Na zauna daram. Zafi ya fara dafa ni, hodar da na shafa ta fara bin wuyana.

Na murɗa makulli rabi, na sauke gilas kaɗan, na ɗauki waya.

"Ina cikin garejinka."

Shiru.

"Taguwa ta shiga. Ni ce na kasa fita."

Shiru. Sai saƙon Inna: "Kin tsaya nesa dai ko?" Na kife wayar a cinya.

Ina jin muryoyinsu daga ciki, Yaya Hafsat tana faɗin awon taga, Gwaggo tana yabon tayil. Sai ƴar ƙofar nan ta yi ƙara. Hajiya Kadi ce, da kwanon sha a hannu. Ta karkace jiki ta bi tsakanin bango da mota a hankali har ta iso tagata.

"Sannu da hanya, malam direba. Ga fura, ka jiƙa maƙoshi. Sauke gilas ɗin mana."

Ya zan yi? Na sauke. Na karɓa da hannu biyu, kaina a ƙasa. Idonta ya sauka kan lallen yatsuna da awarwarona.

"La ilaha illallahu. Mace ce!"

"Ina wuni, Hajiya," na ce, muryata kamar ta sauro.

"Ke kika shigo da wannan abu nan? Ke da kanki?"

"Ni ce."

"Ƴar wa ce ke?"

"Ƴar gidan Alhaji Dodo."

"Allahu akbar, ƙanwar amarya ce! Shi ya sa kike ta ɓoye fuska. Yo ke mene ne naki na kunya? Sha furarki."

Ya kamata in gyara mata a nan, na sani. Amma ban gyara ba. Na kafa kai a kwano. Furar kuwa ta ji nono, ga kanumfari da citta.

Ta jingina da bango kamar mai shirin daɗewa. "To gaya min tsakaninki da Allah, ya halin yayar taki? Hoto kawai aka nuna min, shi ma an shafe ta da fenti ba a gane komai. Tana da faɗa?"

"Kaɗan," na ce. "In an taɓa ta."

"Madalla. Abdulgafar sanyi gare shi, yana son mai ɗan zafi. Girki fa?"

"Tuwonta yana da kyau. Miyar kuka ce dai wani lokaci gishiri yake wucewa."

Ta ƙyalƙyale da dariya har carbinta yana kaɗawa. "Kai, ƙanne ba su da amana!" Sai ta miƙo hannu ta shafa sitiyarin da yatsu biyu, dariyar ta ɗan lafa. "Da wuya koyonsa?"

"Babu wuya, Hajiya. Tsoro ne kawai na farko."

Ta ci gaba da kallon sitiyarin. "Lokacin muna Tarka, mahaifin su Abdulgafar yana da mota. Ranar da ciwo ya kada shi, mazan gari duk suna kasuwar Belbeji. Motar tana ƙofar gida, da mai a cikinta, makulli yana hannuna. Haka na tsaya da shi a hannu ina zagaya ta. A amalanke muka ɗauke shi." Ta goge ido da bakin mayafi, ta yi murmushi. "Kwana ne ya ƙare, na sani. Amma har yau in na ga makullin mota sai tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi."

Na ce, "Allah ya jiƙansa da rahama."

"Amin, ƴata. Allah ya yi wa ubanki albarka da ya bar ki kika koya."

A daidai nan wayata ta ɗau ruri a cinyata. Likitan Raƙuma. Hannuna ɗaya da kwano, na kai yatsa da sauri zan kashe, sai na amsa. Na manta wayar a haɗe take da rediyon mota. Muryarsa ta fito ta kowace kusurwa, garejin ya amsa kamar masallaci:

"Sakina! Amaryata, me nake gani haka? Kin shigar da Taguwa garejina? Don Allah kar ki bari Hajiya ta gan ki, ki kwanta a kujera, ki..."

"Abdulgafar," in ji Hajiya.

Wallahi har kukan shanun Tenhya na ji a cikin shirun nan.

"Na'am... Hajiya?"

"Ka ci abinci?"

"Na... na ci."

"To kashe wayar. Zan neme ka."

Ƙit, ya kashe. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska gaba ɗaya, na dunƙule a bayan sitiyari, ina roƙon kujerar ta haɗiye ni. Na tuna maganar gishiri. Na tuna "in an taɓa ta". Wayyo ni Sakinatu.

Sai na ji ana jan mayafin a hankali.

"Buɗe in gani. Ashe ke ce. Ai kin fi hoton." Tana ƙoƙarin ɗaure fuska, amma kafaɗunta suna rawa don dariya. "To, gishirin dai a rage."

"Hajiya, ki yafe min, ban yi niyyar..."

"Me kika yi? Ƙarya kika faɗa? Ba ƴar Alhaji Dodo ba ce ke? Shi wancan da ya ɓoye min, shi zan kama."

Ban gama sauke ajiyar zuciya ba sai muka ji mota ta tsaya a waje, aka buga bayan Taguwa da tafin hannu, bam bam bam.

"Wa ya cusa wannan a nan? Ina direban? Ya fito da ita, mun zo kwasar hatsi!"

Murya ce mai kauri, irin ta wanda bai saba a ce masa a'a ba. Na duba madubin tsakiya. Dogon mutum cikin farar babbar riga da rawani, da sanda a hannu, bayansa ga masu dako.

"Alhaji Idris ne," in ji Hajiya ƙasa ƙasa. "Buhunan nasa ne."

Ta ƴar ƙofar na hango Gwaggo Raishatu ta leƙo, ta ɗora hannu biyu a ka, ta koma.

"Hajiya, in ɗaga gilas? Ba zai gan ni ba. In na fita sai in wuce kawai."

Ta dube ni, ta dubi makullin da ke jikin mota. Sai ta karkace ta bi bango ta yi bayan motar. Na ji tana gaisawa da shi, "Sannu da zuwa, Yaya Alhaji, yanzu za a fitar." Sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Jama'a, dattijuwar nan ta tattare zanenta, ta hau, ta tsallake kujerun baya, ta tsallake na tsakiya tana "Wash, gwiwata", ta zo ta zauna a gefena ta gyara mayafi.

"Tada ta, ƴata. Gilas kuma sauke shi duka. Nawa ma sauke."

"Hajiya..."

"Yau ko gobe sai ya gani. Gara ya gani ina zaune."

Na tada Taguwa. Na saka giyar baya. Alhaji Idris ya koma gefe yana yi min alama da sanda, "Taho, taho, miƙe hannunka, yaro!" Na taho a hankali, buhu ya sake shafar ta, ƙarfen sama ya wuce lafiya. Na karya sitiyari, gindinta ya juya cikin layi ba tare da ta taɓa motarsa ba, ko ƙyaure, ko teburin mai shayi.

"A'a, yaron nan ya iya!" in ji shi. "Wa ya koya ma..."

Tagata ta zo daidai fuskarsa. Sandar ta tsaya a sama. Ya dubi kallabina, ya dubi lallen hannuna a kan sitiyari, ya leƙa ya ga wadda ke gefena.

"Kadi? Wace ce wannan?"

"Surukarka ce, Yaya Alhaji. Matar Abdulgafar. Gaishe da Baffanku, Sakinatu."

"Ina wuni, Baffa," na ce.

Layin nan duka ya zuba ido, har mai shayi ya tsaya da buta a sama. Alhaji Idris ya zagaya Taguwa a hankali, ya duba gefen dama, ya shafa fentin da yatsa, ya duba na hagu. Ya je bakin garejin ya tsaya yana kallon ɗan wurin da ta fito. Sannan ya dawo tagata, ya zura hannu cikin aljihun babbar riga, ya ciro wayarsa ya miƙo min.

"Sa min lambar mahaifinki," ya ce, gemunsa yana motsi kamar na Baba in yana danne dariya. "Yanzu."